Gyara ko sauyawa? Rigimar kafireta a tsofaffin motocin ƙwanji na Amurka

Duk wanda ya kalli fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 da wuya ya manta da baƙar motar Dominic Toretto, wadda ke ɗaga ƙafafunta na gaba idan ta zabura. Dodge Charger ce ƙirar 1970. Ita da sa'o'inta, irin su Pontiac GTO da Chevelle SS da Plymouth Road Runner, sun cika wasannin tseren mota na waya da na kwamfuta. Amurkawa na yi musu laƙabi da motoci masu ƙwanji, saboda ƙaton inji mai silinda takwas da aka cusa wa mota matsakaiciya, aka sayar wa matasa a kan kuɗin da aljihunsu zai iya ɗauka.

A cikin wasa, ƙara wa irin wannan mota ƙarfi latsawa ɗaya ce: a biya, a zaɓi babban kayan gyara, lamba ta yi sama. A gareji na gaske ba haka abin yake ba. Idan aka ɗaga bonet ɗin ɗaya daga cikinsu, babu kwamfuta, babu injekta, babu wurin jona na'urar da za ta faɗi ciwon motar. Abin da ke yanke hukuncin yawan fetur ɗin da inji zai sha a kowane daƙiƙa wani dunƙulen ƙarfe ne da ke zaune a tsakiyar inji, ƙarƙashin matatar iska. Kafireta ke nan, 'yar'uwar wadda ke jikin ƙaramin janareton shago da babur ɗin Boxer da tsohuwar Peugeot 504, sai dai wannan maƙogwaro huɗu gare ta.

Motocin nan duk sun haura shekara hamsin. Don haka ko ba jima ko ba daɗe mai irin wannan mota sai ya tsaya a gaban tambaya ɗaya: ya wargaza tsohuwar kafiretar ya gyara ta, ko ya cire ta ya ɗora sabuwa? Amsar da ba daidai ba na iya cinye masa fetur, ta ƙona masa akwatin giya, ta zubar da darajar motar a kasuwa, wani lokacin ma ta tayar da gobara.

Shekara goma na ƙwanji

Galibi ana ƙirga farkon wannan zamani daga 1964, lokacin da injiniyoyin Pontiac ƙarƙashin John DeLorean suka saka inji mai lita 6.4 a cikin motar Tempest, suka kira ta GTO. An yi tsammanin sayar da 5,000, sai aka sayar da sama da 32,000. Tun daga ranar farko kafireta ce ta raba mai kuɗi da mai ƙaramin ƙarfi: mai kafireta ɗaya yana samun ƙarfin doki 325, wanda ya ƙara kuɗi aka jera masa guda uku, tsarin da ake kira Tri-Power, yana samun 348.

Sauran kamfanoni suka biyo baya. A 1966 Chrysler ta fito da injin Hemi mai lita 7 na hawan titi, da kafireta biyu masu maƙogwaro hurhuɗu da ƙarfin doki 425. A tsakiyar 1969 ta kawo Six Pack, kafireta uku a kan inji mai lita 7.2, ƙarfin doki 390. A 1970 Chevelle SS mai injin LS6 ta kai 450. Daga nan rana ta fara faɗuwa. Dokar tsabtace iska ta 1970, da tsadar inshora ga matasa, da komawa fetur marar dalma, da takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa a 1973, su suka haɗu suka karya ƙwanjin. Ita kanta kafireta ta ɗan ƙara jan rai, amma zuwa farkon shekarun 1990 ta ɓace daga sababbin motoci a Amurka.

Lissafi ba tare da lantarki ba

Aikinta a faɗe mai sauƙi ne. Fetur na ƙonewa tas idan aka haɗa awo ɗaya nasa da awo 14.7 na iska, a ma'aunin nauyi. Idan ana son inji ya ba da iyakar ƙarfinsa, sai a ɗan ƙara mai, haɗin ya koma wajen 12.5 zuwa 13. Kamar kunu ne: in ya yi kauri da yawa, salansa ta yi baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, mai ya wanke bangon silinda, in ya tsinke, inji ya yi zafi, ya riƙa tari, a ƙarshe fistan na iya hujewa.

Motar zamani na kiyaye wannan awo ne da na'urorin ji da kwamfuta. Kafireta kuwa da iska kawai take yi. Idan fistan ya sauka ya zuƙo iska, iskar na bi ta wani maƙogwaro mai tsukakken wuya. A daidai wuyan sai ta ƙara gudu, matsinta ya ragu, wannan raguwar ta jawo fetur daga wani ɗan kwano ta cikin ƙaramar kafa mai awo da ake kira jet. Masanin kimiyyar nan na Italiya, Giovanni Venturi, ya yi bayanin wannan ɗabi'a ta ruwa da iska tun ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa maƙogwaron ke ɗauke da sunansa. Bindigar fesa fenti ta masu gyaran jikin mota da irin wannan dabara take aiki.

Matsalar ita ce wuya ɗaya ba zai biya dukkan buƙatun inji ba. Idan mota na tsaye tana silo, iskar ba ta da gudun da zai jawo mai, don haka akwai wata siririyar hanya daban da ke ɗiga mai a ƙarƙashin faifan totur. Idan direba ya taka totur farat ɗaya, iska na riga fetur shiga saboda ta fi shi rashin nauyi, don haka akwai ɗan famfo da ke tsarta mai don cike wannan giɓi na ƙiftawar ido. Idan ana hawan tudu ko tsere, akwai bawul ko allura da ke buɗe ƙarin mai. Da sanyin safiya akwai cok da ke toshe iska. Dukkansu kuma sun dogara da tsayin man da ke cikin kwano, wanda wani ɗan fulot ke tsarewa, tamkar ƙwallon da ke tsayar da ruwa idan tankin saman gida ya cika.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan shi ne, gudun iska a wuyan nan shi ne saƙon da kafireta ke karantawa. In saƙon ya yi rauni, lissafinta ya rikice. Kusan duk kuskuren da ake tafkawa wajen sauya kafireta daga mantawa da wannan yake tasowa.

Gidaje uku, da wadda aka yi wa ƙazafi

Kamfanoni uku ne suka mamaye fagen. Holley ta fito da samfurin 4150 a kan Ford Thunderbird ta 1957, kuma har yau ana ƙera shi. Ita ce abar ƙaunar 'yan tsere domin a harhaɗe take kamar bulo: a kwance sukuru huɗu, kwano ya fita, a sauya jet, a mayar. Carter ta birnin St. Louis ta fito da AFB a wannan shekarar, mai jikin alminiyam. Kamfanin ya rufe masana'antarsa a tsakiyar shekarun 1980, amma ƙirar ba ta mutu ba, ita ce ake sayarwa yau da sunan Edelbrock Performer. Ana son ta saboda ba ta cika yoyo ba, kuma ana iya sauya alluranta daga sama ba tare da an zubar da mai ba.

Ta ukun ita ce Rochester Quadrajet, wadda General Motors ta fara ɗorawa a 1965 ta kuma ci gaba da ita har kusan 1990. Babu kafiretar da ta sha zagi kamarta. Masu gareji sun juya sunanta zuwa Quadrajunk, wato tarkace, da Quadrabog, saboda shaƙewar da mota ke yi idan an taka ta. Shekara da shekaru abu na farko da matashi ke yi idan ya sayi tsohuwar Chevelle ko GTO shi ne ya cire ta ya jefar a kusurwa.

Amma in aka juya ta aka kalli gindinta, za a ga dabarar da ke ciki. Maƙogwaro biyu na gaba ƙanana ne, biyun baya kuwa manya ƙwarai, kowanne faɗinsa inci biyu da kwata. A tuƙin yau da kullum ƙananan ne kaɗai ke aiki. Da yake tsukakku ne, iska na gudu sosai a cikinsu, saƙon ya fito tar, mota ta amsa totur nan take kuma ba ta ɓarnar mai. Manyan ba sa shiga aiki sai an danne totur. Ko a lokacin ma akwai wani marfi mai sifirin a samansu da ba ya buɗewa sai gwargwadon iskar da injin ya iya zuƙa, kuma yana buɗewa yana ɗaga allurai biyu da ke sakin mai daidai da buɗewarsa.

Mai wayar zamani ya san wannan tsari, ko da bai san sunansa ba. Ƙwaƙwalwar wayarsa na da ƙananan sassa masu tsimin batir da ke kula da WhatsApp da kiran waya, da manya da ba sa farkawa sai an buɗe wasa mai nauyi. Kamfanin ARM ya sanar da wannan tsari a 2011 da sunan big.LITTLE. Quadrajet ta yi irinsa da sifirin da faifan ƙarfe shekara 46 kafin nan. Shi ya sa ƙira ɗaya ta iya zama a kan injin Pontiac mai silinda shida da lita 3.8, ta kuma zauna a kan na Cadillac mai lita 8.2. Da General Motors ta hana jera kafireta fiye da ɗaya a yawancin motocinta a 1967, GTO ta rasa Tri-Power ta koma Quadrajet guda ɗaya a kan injin da aka ɗan ƙara wa girma, kuma ƙarfin da aka rubuta wa mafi zafinta bai sauka daga doki 360 na shekarar da ta gabata ba.

To daga ina ƙazafin ya fito? Yawanci daga ƙananan abubuwa biyu. Idan sifirin ɗin marfin baya ya yi sako-sako, ko tantanin robar da ke rage masa gaggawar buɗewa ya yage, marfin na wangalewa lokaci ɗaya, iska ta kwararo kafin mai ya iso, mota ta shaƙe. Gyaran na farko juya ɗan sukuru ne, na biyu kuwa sauya ƙaramin kaya. Sai dai wanda bai san wurin ba, kafiretar gaba ɗaya yake gani da laifi.

Kafin a kwance sukuru ɗaya

Tsofaffin makanikai a Amurka na yawan yi wa sababbin shiga ba'a cewa mafi yawan ciwon kafireta a ɓangaren wuta yake. Akwai gaskiya a ba'ar. Taimin da ya goce, kontak da ya cinye, kwayil mai rauni, wayar fulogi da ta tsage, ko tiyon zuƙa da ya fashe, duk suna kawo irin alamun da ake ɗora wa kafireta. Wanda ya sayi sabuwa kafin ya duba waɗannan zai ɗora ta ne a kan tsohon ciwo. Agogon auna zuƙa, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, na taimakawa ƙwarai: lafiyayyen injin da ba a sauya masa komai ba yakan nuna 17 zuwa 21 a silo, allurar kuma a tsaye cak. In tana rawa, a nemi dalili tukuna.

In an tabbatar kafiretar ce, kayan aiki na farko waya ce. A ɗauki hoton kowane tiyo da kowace sanda da kowane sifirin kafin a taɓa su, a kuma ci gaba da ɗauka a kowane mataki. Akwai 'yan ƙananan ƙwallaye na ƙarfe a cikin hanyoyin mai da in ɗaya ta gangara ƙarƙashin teburi ba a lura ba, famfon totur ba zai sake tsartawa daidai ba. Sai a karanta lambar da ke jikinta. A Holley tana kan bangon da ke kewaye da cok. A Quadrajet tana gefen jiki, takan fara da 70, na baya-baya kuma da 170. Da wannan lamba ake sayen jakar kayan gyara da ta dace, mai ɗauke da gasket da allurar fulot da robar famfo.

Wanki ya fi komai cin lokaci. Fetur ɗin da ya daɗe a zaune yana bushewa ya bar wani danƙo mai kama da fenti a hanyoyin da wasunsu ba su kai kaurin tsinken ashana ba. Da yawa yanzu na amfani da kwanon wanki mai girgiza ruwa da sauti, babban yayan wanda masu gyaran waya ke wanke allon wayar da ta faɗa ruwa da shi, sannan su bi kowace kafa da iska mai ƙarfi. Zura waya ko allura a cikin jet, yadda aka saba gani a wajen masu gyaran janareto, babban kuskure ne a nan. An huda kafar ne da awon da ake ƙirgawa da kason inci cikin dubu, kuma ƙarzar da ido ba zai gani ba ta isa ta sauya yawan man da ke wucewa.

Jakar kayan gyara ba ta warkar da komai ba. Sandar da ke juya faifan totur ta shafe shekara hamsin tana gugar jikin ƙarfe mai taushi, ramin ya faɗaɗa, iska na satar shiga ta gefe, silo ya ƙi tsayawa wuri ɗaya komai juyin da aka yi wa sukuru. Maganin shi ne a gyara ramin a dasa zoben tagulla. A nan akwai tarko: masana'anta ta daddage ƙarshen ƙananan sukurorin da ke riƙe faifan don kada su kwance, dole a goge ƙarshen kafin a juya su, in ba haka ba su karye a ciki. In an mayar da su kuma sai an sa gam mai riƙe zare, domin sukurun da ya kwance a wurin nan kai tsaye cikin silinda zai faɗa.

Kowace tana da nata raunin da aka san ta da shi. Quadrajet ta farko-farko na yoyo ta wasu toshe-toshe da ke ƙarƙashin kwanonta, sai mai ya tsiyaye cikin dare, da safe a yi ta murza maƙulli. Zaren da bututun mai ke shiga jikinta ma yana cinyewa in an matse shi da ƙarfi, yoyo a wurin kuwa a kan inji mai zafi yake ɗiga. Holley kuma tana da bawul ɗin ƙarin mai mai tantanin roba, wanda a tsofaffin samfura aman wuta ɗaya daga inji na iya fasa shi. Kamfanin ya ƙara masa kariya a 1992. Akwai lamba a jikin bawul ɗin, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce a raba zuƙar silo biyu: injin da ke nuna 13 a ba shi mai lamba 6.5. Wannan na da muhimmanci ga wanda ya sa sandar kam ta tsere, domin irin wannan inji zuƙarsa a silo ƙasa take.

Sai kuma fetur ɗin kansa, wanda ba shi ne na 1970 ba. Kusan duk man da ake sayarwa a gidajen mai na Amurka yau yana ɗauke da itanol kashi 10 cikin ɗari. Itanol na cin tsohuwar roba, yana jan danshi daga iska, yana sa farin tsatsa a cikin kwano in mota ta daɗe a ajiye. Man yau kuma na saurin tafasa: a kashe mota bayan doguwar tafiya, zafin inji ya hau ya tafasa abin da ke cikin kwano, in an dawo bayan minti ashirin ta ƙi tashi. Shi ya sa ake neman roba mai jure itanol, ake kuma sa wani faifai marar ɗaukar zafi tsakanin kafireta da inji.

Babba ba ita ce mafi kyau ba

Akwai lokacin da sauyawa ita ce daidai: jiki ya tsage ko ya lanƙwashe, ko an sauya injin har tsohuwar ba ta isar masa, ko kuma dama wadda ke kai ba ta asali ba ce. A nan ne lamba ke yaudarar mutane, kamar yadda yawan megafiksel ke yaudarar mai sayen waya.

Ana auna kafireta da CFM, wato yawan ƙafa-kubik na iskar da za ta iya wucewa ta cikinta a minti ɗaya. Lissafin abin da inji ke buƙata ba shi da wuya: a ninka girman inji a inci-kubik da iyakar juyawarsa a minti, a raba da 3,456. Wannan lamba ta samo asali ne daga inci-kubik 1,728 da ke cikin ƙafa-kubik ɗaya, sau biyu, tunda silinda sau ɗaya take shan iska a kowane juyi biyu. A ɗauki sanannen injin Chevrolet 350, mai lita 5.7, a juyi 5,500. Amsar ita ce 557. Wannan ma in silinda na cika maƙil ke nan, abin da injin titi ba ya yi. In aka ɗauka yana cika kashi 85 cikin ɗari, buƙatar ta sauko kusan 473. Ƙaton 454 a juyi 6,000 ne ke kaiwa 788.

Duk da haka mai 350 zai shiga shago ya fito da mai lamba 850, irin wadda ake kira Double Pumper, wadda ƙafar direba ce ke buɗe dukkan maƙogwaronta huɗu, ko inji ya shirya ko bai shirya ba. A filin tsere, a mota marar nauyi mai giyar hannu, wannan ƙira na da amfaninta. A mota mai nauyi mai giyar otomatik a cikin gari, maƙogwaron ya yi wa injin faɗi, iska ta yi sanyin gudu, saƙon ya raunana. Motar ta koma nawa wajen tashi daga danja, tana shan mai fiye da dā. Ga irin wannan mota, mai lamba 600 zuwa 650 wadda zuƙar inji ke buɗe mata maƙogwaron baya ta fi dacewa. Quadrajet na tsira daga wannan lissafi duk da lambarta ta 750, saboda marfin nan mai sifirin.

Lambar ma kanta tana da wayo. Ana gwada mai maƙogwaro biyu ne da zuƙa ninki biyu na wadda ake gwada mai huɗu. Don haka CFM 1,350 da ake yi wa Six Pack kirari da shi, in aka mayar da shi ma'aunin masu maƙogwaro huɗu, kusan 955 ne.

Bayan girma sai mazauni. Ramukan da ke saman manifol na Quadrajet biyu ƙanana ne biyu manya, na yawancin Holley da Edelbrock kuwa kusan kai ɗaya suke. Dole a sa faifan haɗi ko a sauya manifol ɗin, kuma kowane faifai na ƙara tsayi, har bonet ya ƙi rufuwa ko ƙusar matatar iska ta ɓullo da ƙulu a kan fenti. Matsin mai ma sai an duba. Holley na zaune lafiya da psi 5 zuwa 7, Edelbrock ba ta son ya wuce 6, in ya wuce sai ya rinjayi allurar fulot mai ya yi ambaliya. Cok mai lantarki na son cikakkiyar wuta mai bolt 12 da ke zuwa in an kunna maƙulli. Wanda ya jona shi a jikin kwayil, inda wutar kan zo a rage, zai riƙa yawo da cok rabi a rufe.

Mafi tsadar kuskure ba a inji yake bayyana ba. A motocin Dodge da Plymouth masu giyar TorqueFlite, sandar da ta taso daga kafireta zuwa akwatin giya ita ke gaya wa giyar nawa aka taka totur, da haka take ƙara matsin man da ke damƙe faya-fayan kulocinta. Haka wayar da ke jikin giyar 700R4, wadda mutane da yawa ke dasawa a tsofaffin motocin Chevrolet. In sabuwar kafireta ba ta ja wannan sanda daidai ba, ko an cire ta don ta ƙi shiga, motar za ta tashi ta yi tafiya kamar lafiya lau, alhali faya-fayan na zamewa suna ƙonewa a ciki.

Na ƙarshe shi ne bututun mai. Masana'anta da bututun ƙarfe ta haɗa famfo da kafireta. Mai gaggawa kan yanke shi ya maƙala tiyon roba da matatar mai ta gilashi don ta yi kyau a hoto, duka a saman inji mai zafi, kusa da distiributa mai tartsatsi. Masu hankali ba sa tayar da inji karo na farko bayan irin wannan aiki sai da tukunyar kashe gobara a kusa, kuma ba sa leƙa fuska a cikin maƙogwaro ana murza maƙulli.

Inda waya ta shigo

A dā ana daidaita kafireta ne da kunne da hanci da launin fulogi. Yanzu ana huda salansa a dasa na'urar auna oksijin mai faɗin zango, ta riƙa nuna awon iska da mai a kan ƙaramin allo, wasu ma su aika shi waya ta Bluetooth. Direba ya fita ya yi zagaye, ya dawo ya ga cewa a tafiyar babban titi haɗin na kan 12 maimakon wajen 14, ya san jet ɗin gaba sun yi girma. Wannan na'ura ta sa tsohuwar kafireta na aiki da kyau fiye da yadda yawancin makanikan 1970 suka iya sa ta.

Wasu kuma sun tsallake gaba ɗaya. Daga tsakiyar shekarun 2010 kamfanoni irin su FiTech da ita kanta Holley, da samfurinta Sniper, sun fito da injekta mai siffar kafireta: tana zama a kan sukurori huɗun nan, matatar iska ta rufe ta, amma a cikinta akwai nozul da kwamfuta mai koyon halin inji da kanta. Tsarin Pro-Flo 4 na Edelbrock da manhajar waya ake saita shi. Amfanin a bayyane yake. Mota na tashi da sanyi ba gardama, kuma in an hau da ita daga bakin teku zuwa Denver, mai tsayin kusan mita 1,600, kwamfutar na rage mai da kanta, inda kafireta sai an sauya mata jet.

Sai dai aikin ya wuce sukurori huɗu. Injekta na son matsin mai kusan psi 60, ninki goma na abin da tsohon famfo ke bayarwa, don haka sai sabon famfon lantarki da sababbin bututu, sau da yawa har da sabon tanki. Ɗan yoyo a salansa na sa na'urar ji ta yi wa kwamfuta ƙarya. Tsofaffin wayoyin wuta na iya rikita ta. In kuma ta mutu a kan hanya, sukudireba da sifana ba za su tayar da ita ba. Doka ma na da ta cewa: a Kalifoniya motocin fetur ƙirar 1975 zuwa baya ba sa zuwa gwajin hayaƙi, amma wadda ta fito bayan nan ba kowane kaya ake yarda a ɗora mata ba.

Ko wacce hanya aka bi, masu sanin darajar motocin nan ba sa yar da tsohuwar. Ban da lambar samfuri, akwai lambar kwanan wata a jikinta, kuma masu saye a wuraren gwanjo da alƙalan baje kolin tsofaffin motoci na duba ko ta dace da motar, ko an ƙera ta 'yan makonni kafin ranar da aka harhaɗa injin. Quadrajet ɗin da matasan dā suka riƙa jefarwa a kusurwa, yanzu ana bin tsofaffin gareji da shafukan sayar da kaya ana neman ta da lamba. Shi ya sa a garejin da aka ɗora Sniper ko sabuwar Edelbrock, sau da yawa za a tarar da ta asalin an tsiyaye mata mai, an naɗe ta a leda, an rubuta lambar motar a jikin kwali an ɗora a kan kanta.